Tukunyar da Ba A Toshe Wa Hanci

Jama'a, ku taya ni jaje. Na ga shekarar fara, na ga shekarar da kogi ya kwana a kasuwa, na ga lokacin da gishiri ya ɓace daga gari, amma duk ba su kai abin da ake yi mini a cikin gidana ba. Yau shekara uku ke nan rabona da tuwo marar gudaji.

Ni fa! Mutumin da ya san bambancin cokalin miya da cokalin shayi tun rabin mutanen Haɗejiya ba su ga cokali ba. In kai loma, sai in ji gari ya fashe mini a baki kamar na tauni shuri. Na kai kuka wurin mai unguwa, ya yi dariya har rawani ya kwance. Na je wa liman, ya ce in yi haƙuri. Haƙuri! Da shi ake tuƙa wa wannan tuwo, da tuni mun ji shi a huɗuba.

To, tun da babu mai bi mini haƙƙi, bari in ba ku wani labari, ku yi alƙalancin da kanku.

Akwai wani mutum a Haɗejiya ana ce masa Ja'afaru. Dogo ne, mai wushirya, in yana tafe kai ka ce ƙasa ce ke roƙonsa ya taka ta. Ni dai ban taɓa ganin wanda farar kwat ta karɓa kamarsa ba. Boyi ne a gidan wani Bature da aka turo ya riƙa auna hawa da saukar kogi, don ana son faɗaɗa noman shinkafa a fadama. Aikinsa jera tebur da zuba ruwa a tambulan, amma in ya shigo gari sai ka rantse da shi ake shawara kafin kogin ya cika.

Kukun gidan wani tsoho ne, Baba Mala, mutumin bakin Tafkin Chadi, marar yawan magana. A kicin ɗinsa akwai wata tukunya ta farin ƙarfe mai kauri. Murfinta murɗa shi ake yi ya kulle gam. A tsakiyar murfin akwai ɗan hanci, ana ɗora masa wani ɗan ƙarfe mai nauyi. In ta ɗauki zafi sai ta kama huci, tururi yana fita ta hancin nan da ƙara kamar usur. Naman da zai yini a kan murhu, ita tsakanin kiran salla da watsewar masallaci ta mai da shi lugub.

Da wa'adin Bature ya cika zai koma ƙasarsu, ya raba kayansa. Tukunya ta faɗa hannun Baba Mala, wanda shi kuma zai koma Auyo wurin 'yarsa ya huta. Ja'afaru ya samu tsofaffin takalma biyu da hular kwano. Ransa bai so ba. Ya sami tsoho yana ɗaure kaya.

"Baba, na ji masu kwale-kwale sun ce ba sa ɗaukar farin ƙarfe da damina. Wai yana kiran tsawa."

Baba Mala ya dube shi ya ci gaba da ɗaurinsa.

"Ja'afaru, ɗauki tukunyar. Ba sai ka haɗa ni da tsawa ba. Ni da na rage da haƙora huɗu, gaggawar me nake yi? Kai ne mai ƙananan yara. Amma zauna tukuna."

Ya ɗauko murfin, ya ɗora yatsa a kan hancin.

"Ka ga wannan? In tana huci ta nan, lafiyarta ƙalau. Kada a cika ta har wuya, kada kuma a toshe mata hanci, ko da wasa. In tururi ya rasa ƙofa, zai yi wa kansa. Ka faɗa wa matarka wannan tun kafin ka faɗa mata sunan tukunyar. Matanmu sun saba liƙe madambaci. In suka ga tururi yana tsiyaya, hannunsu yana riga tunaninsu."

"Haba Baba, ni za a koya wa kayan Bature?"

"Ba kai nake ji ba. Ita nake ji. Ka faɗa mata."

"Na ji, Baba."

Ya kuwa ji. Kada wani ya ce muku bai ji ba.

Matar Ja'afaru sunanta Zinariya, daga wani ƙauye can wajen Kaugama. Mace ce mai sanyin hali, amma a kan dambu ba ta da na biyu a unguwar. Duk gidan da ake biki, ita ake aika wa ta zo ta haɗa madambaci. Ta ɗora shi a bakin tukunya, ta kwaɓa garin kuka, ta bi mahaɗar da tsumma ta liƙe, har ta kai kunci kusa ta saurara ko akwai inda iska ke fita. Takan ce tururin da ya gudu, da albarkar abinci ya gudu. Haka uwarta ta koya mata, haka uwar ta koya wurin tata uwar.

Wahalarta ɗaya ce, damina. In ruwa ya malale fadama, icce ya yi wuya, karan da aka tara ya jiƙe. Ta ɗora wake da hantsi, ta yi ta hura wuta hayaƙi yana cin idonta, yaranta uku su yi kukan yunwa har su gaji su zauna suna kallonta.

Ran da Ja'afaru ya kawo tukunya, ya sa Zinariya ta wanke wake ta zuba. Shi ya auna ruwa, ya juya mata baya ya murɗa murfi, ya ɗora ɗan ƙarfen, sa'an nan ya sunkuya ya yi wa tukunya wasu kalmomi da Turanci, rabinsu sunayen karnukan Bature ne. Ba a jima ba ta fara huci. Yara suka ruga bayan rumbu. Kafin rana ta take tsaka, wake ya nuna har yana narkewa.

Zinariya ta zuba wa yara, ta zauna tana kallonsu suna ci, hannunta a haɓa.

"Malam, yau da rana tsaka suka ci. Ga sauran kara ma ban taɓa ba."

Daga ranar gidan ya canja. Da ɗan kara kaɗan a dafa wake, a dafa ƙashin shanu, a dafa shinkafa 'yar fadama mai taurin nan. Yara suka yi kumatu. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, har da yayar Ja'afaru, Yaya Asabe, wadda gidanta ke jikin nasu. Duk sa'ad da za a ɗora, sai Ja'afaru ya sa farar kwat, ya zo ya rufe da kansa, in ta gama ya zo ya buɗe da kansa.

"Kai dai Ja'afaru," in ji Yaya Asabe, "Bature ya tafi ya bar mana kai da tukunya, ku biyun duk huci kuka iya."

Mata suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma maganar ta same shi. Gaskiya ce. Tun da Bature ya tafi babu tebur da zai jera, babu wanda ke tambayarsa labarin kogi. 'Yar gonar shinkafarsa ma ba ta kai a yi alfahari da ita ba. Abin da ya rage masa a duniya wanda ba kowa ke da shi ba, kwat ɗin nan ce da sirrin tukunya. In Zinariya ta iya, gobe Yaya Asabe ta iya, jibi duk unguwa. Shi kuma ya zama wa?

Zinariya ta roƙe shi ya koya mata, ba sau ɗaya ba. Ya ce tukunyar ba ta jin Hausa. Ta yi murmushi ta ƙyale shi, don ta san halin mijinta.

Wata rana tana zaune kusa da murhu, tukunya tana ta huci, mata uku suna tsaye suna kallo, sai ta ce, "Malam, ni fa tururin nan da ke zuba yana damuna. Ai rabin wutar asara muke yi."

Ga ƙofa nan an buɗe masa. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Har ya buɗe baki, muryar Baba Mala tana kunnensa. Sai ya ga matan nan sun zuba masa ido suna jiran su ji sirri a banza.

"Ke da kika tashi a bayan Kaugama," ya ce, "me kika sani game da tururin Ingila? Yanka albasa."

Aka yi dariya. Ta sunkuyar da kai ta yanka albasa. Ya ce a ransa zai faɗa mata in sun kaɗaita. Da suka kaɗaita ya ga ai babu gaggawa, tun da shi ke rufewa, shi ke buɗewa.

Ana nan, kogi ya taso fiye da yadda aka saba. Da sassafe mai unguwa ya sa aka yi shela, duk namiji mai lafiya ya fito da fartanya da kwando a ɗaga jinga, wato tudun ƙasar da ke tare ruwa daga gonaki, in ba haka ba shinkafar bana ta tafi. Kowane gida kuma ya aiko da abinci bakin aiki.

Ja'afaru ya tsaya a gaban jama'a ya ce kada kowa ya damu, gidansa kaɗai zai ciyar da rabin gayya kafin sauran mata su gama hura wuta. Ya shiga gida ya ce wa Zinariya ta jiƙa wake mai yawa ta jira shi, da hantsi zai dawo ya rufe.

Ya tafi bakin jinga da farar kwat. Bai ɗauki kwando ba. Ya hau kan tudu yana nuna wa mutane da sanda inda Bature yakan kafa ma'auni, yana faɗin ƙafa nawa ruwa ya hau. Mutane suna ta "Allah, Ja'afaru?" suna jidar ƙasa. Rabonsa da a saurare shi haka tun tafiyar Bature. Hantsi ya yi, bai ji ba. Rana ta ɗaga, bai gani ba.

A gida Zinariya ta leƙa ƙofa ya fi sau biyar. Ta ga matan maƙwabta sun fara fita da ƙwarya a ka. Yara sun fara kuka. Yaya Asabe ta leƙo ta katanga.

"Ke, ina abincin rabin gayya? Ko sai an yi masa Turanci?"

"Yaya, bai dawo ba."

"Zai dawo ne, ya samu masu kallo? Yau kunya za ku sha ke da shi."

Abin da Zinariya ba ta iya ɗauka ba ke nan, a ce mijinta ya yi alkawari a gaban maza ya kasa. Ta daɗe tana satar kallon hannunsa ta bayan kafaɗa. Ta zuba wake, da yake bakin ci da yawa ta cika tukunya har wuya. Ta murɗa murfi ya kulle. Ta ɗora ɗan ƙarfen. Ta tura kara. Har ta yi dariya ita kaɗai, ta ce ashe tukunyar tana jin Hausa.

Tukunya ta fara huci, kumfar wake tana fitowa tare da tururin. Zinariya ta dubi rana, ta dubi ragowar kara, ta dubi tururin da ke gudu. Sai ta yi abin da kowace gwanar girki za ta yi. Ta kwaɓa garin kuka, ta yage tsumma, ta naɗe hancin ta ɗaure, ta bi shi da kuka ta liƙe tsaf. Huci ya ɗauke. Ta ƙara wuta. Bayan ɗan lokaci ta sunkuya, ta kai fuska kusa da murfi don ta saurara ko akwai sauran inda ke tsiyaya.

A gefen murfin akwai wata 'yar toshiya da masu ƙira suka yi domin irin wannan rana. Ita ce ta fice.

Yaya Asabe ta ce ƙarar kamar an harba bindiga. Da ta zagayo ta tarar da Zinariya a durƙushe, hannu biyu a fuska, tafasasshen wake yana ta feshi har kan danga. Ba ihu take yi ba. Cewa take, "Yaya, janye yaran. Janye yaran daga nan."

Ja'afaru yana kan tudu yana bayani aka zo aka faɗa masa.

Ruwa ya yanke hanya. Da kwale-kwale aka fitar da ita, aka samu mota zuwa tashar Malam Madori, aka jira jirgin ƙasa. Kwana uku kafin su ga likitan ido a Kano. Ya duba, ya girgiza kai. Idon dama ya tafi. Na hagu yana bambanta rana da inuwa, iyakarsa ke nan.

An ceci shinkafa a shekarar. Jinga ta riƙe.

Da suka dawo, 'yan dubiya suka cika gida. Ana jajantawa, amma a bakin rijiya wata magana ake yi. Wai ƙauyanci ya ja mata. Wai mijinta ya hana ta taɓawa ta ƙi ji, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Da aka tambayi Ja'afaru a zaure, ya sauke numfashi ya ce, "Wallahi na yi iyakar ƙoƙarina." Bai ƙara ba, bai rage ba, ya bar maganar ta yi tafiyarta.

Bayan mako biyu Baba Mala ya zo daga Auyo, da ƙunshin busasshen kifi. Ya zauna a bakin ɗaki, Zinariya tana kan tabarma an ɗaure mata fuska, Yaya Asabe da wasu mata suna gefe. Ya yi mata sannu ya daɗe yana addu'a. Sa'an nan ya juya.

"Ja'afaru, maganar da na ba ka amana. Ta hancin nan. Ka faɗa mata?"

Kafin Ja'afaru ya buɗe baki, muryar Zinariya ta fito daga ƙarƙashin ɗaurin.

"Ya faɗa mini, Baba. Ni ce na manta."

Tsoho ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Allah ya sa kaffara ne, 'yata." Ya tashi ya tafi, bai sha ruwan gidan ba.

Da mutane suka watse, Ja'afaru ya matso bakin tabarma.

"Me ya sa kika ce haka?"

"In na ce ba ka faɗa ba, Malam, idona zai dawo? Yara sun rasa idon uwa, in sa kuma ubansu ya kasa ɗaga kai a gari?"

Ya yi kuka, ya rantse zai faɗi gaskiya ranar Juma'a a ƙofar masallaci. Juma'a ta zo ta wuce. Wata ta zo. Kun dai san yadda Juma'a take, ba ta ƙarewa.

Shekara uku ana haka. Watan jiya aka yi suna a unguwar, Yaya Asabe ta ja hannun Zinariya suka je, don ta ɗan ji mutane. Ana cikin dambu madambaci ya kama tsiyaya. Wata yarinya, amaryar bana, wadda ba ta lura da wanda ke zaune a inuwa ba, ta ce, "Ku kira Zinariya mana, ai ita ce gwanar toshi!" Aka yi dariya, sai kuma dariyar ta mutu a tsakiya.

Zinariya ta dawo gida. Aka ajiye mata abinci ba ta taɓa ba. Can ta ce, "Malam, na yafe idon tuntuni. Amma shekara ashirin ina haɗa musu madambaci, ban taɓa ɓata wa kowa dambu ba. Yau sunana abin tsokana ne."

To jama'a, na gaji da ɓuya a bayan wani mutum. Ja'afarun nan ni ne. Tuwon da na kai ƙararsa har gaban liman, hannuna ke tuƙa shi, don yara ba su isa riƙe muciya ba. Zinariya tana zaune a bakin ƙofa tana sauraren tukunya, ta ce, "Malam, ka zuba garin da yawa lokaci ɗaya." Duk abin da ta sani ta faɗa mini, ba ta taɓa rage ko ɗaya don ta fi ni ba.

Na ce mata wannan karon zan faɗa wa kowa. Ta ce, "Ka fara da Baba Mala. Na yi wa tsoho ƙarya saboda kai, tana nan a wuyana."

Washegari na shiga kwale-kwale zuwa Auyo, ina ta shirya kalmomi a hanya. Na yi sallama a ƙofar gidan 'yarsa. Ta fito ta ce ai na makara, shekaranjiya aka yi sadakar arba'in ɗinsa.

Na dawo na faɗa wa Zinariya. Ta yi masa addu'a, ta juya fuskarta bango.

Tun da tsoho bai ji ba, ku ku ji. Zinariya ba ta manta ba. Ba ta ƙi jin magana ba. Ta yi abin da uwarta ta koya mata, ta kuma yi shi daidai. An ba ni magana ɗaya in kai mata, na riƙe don mata uku su ci gaba da kallona. Ban faɗa mata ba.

Darasi: Sanin da zai tsare lafiyar wani ba kayan ado ba ne, amana ce, ka isar da ita yau kafin gobe ta zama jaje. Wanda kuma ya rufa maka asiri da mutuncinsa, kada ka bar shi yana ɗauke da laifinka har wanda ya kamata ya ji gaskiya ya bar duniya. Ku isar da wannan labari ga duk maigidan da ya kawo sabon abu gida yana rowar bayani, ku kuma taimake ni ku kai shi bakin rijiyar unguwarmu.